Ƙaro, Tawada da Ƙunshin Mitsitsi: Bukatar Horon Hannu a Kan Ƙunsa Magani da Awon Gari



Abin da za mu tattauna a kansa yau wata sana'a ce ta kimiyya wadda kusan kowane ɗayanmu ya taɓa cin moriyarta, ko da yake bai san sunanta ba. Sana'ar kuwa ita ce a ɗauki ɗigon mai, ko ƙwayar magani, ko ɗan ƙamshi, wanda ido ba ya iya gani, a yi masa ɓawo, a rufe shi ruf, yadda iska da rana da laima ba za su taɓa shi ba sai ran da ake bukatarsa. A cikin wannan lacca zan riƙa kiranta ƙunshin mitsitsi, shi kuwa abin da aka ƙunsa ɗin in ce masa ɗan ƙunshi. Ta kuma zo da ƙanwarta, watau ilmin auna girman ƙwayoyin gari, domin wanda bai iya auna abin da ya ƙunsa ba, ba shi da hanyar sanin ko aikinsa ya yi kyau.

Kafin mu yi nisa, ya kamata mu san ma'aunin da ake aiki da shi a wannan fage. Idan aka raba milimita ɗaya gida dubu, kowane kaso shi ne maikiron ɗaya. Kaurin silin gashin kan mutum yakan kama daga maikiron 50 zuwa 100, jar ƙwayar jini kuwa ba ta wuce maikiron 7 zuwa 8 ba. 'Yan ƙunshin da muke zance suna tsakanin maikiron ɗaya da maikiron dubu. Saboda haka manyansu sun yi kamar ƙwayar rairayi, ƙananansu kuwa sai da madubin likita.

Takardar rasit

Ma'aikatan da ke cikin wannan zaure sun san littafin rasit ɗin nan wanda idan aka rubuta a takardar sama sai rubutun ya fito a ta ƙasa, ba tare da an sa baƙar takardar kabon a tsakani ba. To, wannan shi ne kayan kasuwa na farko da ƙunshin mitsitsi ya haifar. Wani masanin haɗa sinadarai mai suna Barrett Green, na kamfanin National Cash Register da ke birnin Dayton a Amurka, shi ya jagoranci aikin, aka fara sayar da takardar cikin 1954. Bayan takardar sama an shafe shi da miliyoyin 'yan ƙunshi, kowane ɗauke da ɗigon tawada marar launi, fuskar ta ƙasa kuwa an shafe ta da wani irin farin yumɓu. Da bakin biro ya danna, sai 'yan ƙunshin da ke daidai wurin su fashe, tawadar ta haɗu da yumɓun, launi ya bayyana. Sauran da ba a danna ba suna nan lafiya lau.

Abin da ya kamata ya ja hankalinmu shi ne kayan da Green ya yi ɓawon da su. Abu biyu ne. Na farko jelatin, watau irin danƙon nan da ke sa romon ƙafar sa ya daskare idan ya kwana. Na biyu kuwa ƙaro. I, ƙaron nan dai da almajiri ke jiƙawa ya haɗa da baƙin tukunya ya yi tawadar allo. Tun 1929 wasu masana biyu na ƙasar Holan, Bungenberg de Jong da Kruyt, suka bayyana yadda ruwan jelatin da ruwan ƙaro, idan aka gauraya su da ɗumi aka ɗiga musu tsami, sukan rungumi juna su ware daga sauran ruwan su zama wani abu mai kauri. Green ya lura cewa in akwai ɗigon mai yana yawo a cikin ruwan, wannan abu mai kauri yakan je ya lulluɓe shi. Daga nan sai a sanyaya, ɓawon ya ƙanƙame.

Malaminmu na zaure ya daɗe da sanin rabin wannan sirri. Ya san cewa baƙin tukunya shi kaɗai a ruwa kwantawa yake yi, ya bar tsararo a sama, amma da an sa ƙaro sai ya tsaya a cikin ruwan, ya bi alƙalami, ya kama allo. Dalili shi ne ƙaro yana kewaye kowace ƙwayar baƙin ya hana ta manne wa 'yar'uwarta. Wannan hali nasa, tare da cewa yana narkewa da yawa a ruwa ba tare da ruwan ya yi kauri ainun ba, kuma ba shi da ɗanɗano ko wari, shi ya sa har gobe masana'antun duniya ba su sami abin da ya maye gurbinsa sosai ba. Da shi ake riƙe man ɓawon lemo a cikin lemon kwalba don kada ya taso sama, da shi ake ƙunsa kayan ƙamshin alewa da biskit. Akwai kuma wata fa'ida da ta shafe mu: jelatin daga fata da ƙashin dabba ake samunsa, dole mai saye ya tambayi wace dabba ce, amma ƙaro ɗan itace ne, babu wannan shakka a kansa.

Mafi kyawun ƙaro daga itacen dakwara yake fitowa, na dushe yana bi masa. Dakwara itace ne mai ƙaya wanda ya saba da jigawa da ƙarancin ruwa. Yakan shekara huɗu zuwa biyar kafin a fara tsaga shi, ana tsagawa ne da kaka ta wuce ganye ya fara zuba, a dawo bayan 'yan makonni a tsince abin da ya tsatso. Sudan ce kan gaba a duniya, Cadi da Nijeriya suna biye. Darajarsa ta kai ga cewa lokacin da Amurka ta ƙaƙaba wa Sudan takunkumi cikin 1997, sai da ta bar ƙofar ƙaro a buɗe, kuma yaƙin da ya ɓarke a can cikin Afrilun 2023 ya tayar da hankalin masu saye ƙwarai. A wannan shekara ta 2023 ɗin kuma Tarayyar Turai ta kafa dokar hana zuba ɓurɓushin roba a cikin kayayyaki, ta ba kamfanoni wa'adin 'yan shekaru su daina yin ɓawon 'yan ƙunshi da robar da ba ta ruɓewa. Ke nan kasuwar ɓawon da aka samo daga itace sai ƙaruwa. Mu kuwa galibi a buhu muke fitar da namu, ɗanye, da ƙasa da ɓawon itace a jikinsa, sa'an nan mu sayo shi da tsada bayan an tace shi an ƙunsa wani abu a cikinsa.

Inda abin ya taɓa Kankiya da Kusada

Wani zai ce, to, ina ruwan mutumin Kusada da wannan zance? Bari in kawo misali uku, dukansu daga aikin da ɗaliban makarantar koyon aikin lafiya ta Kankiya za su tarar idan sun fita.

Na ɗaya feshin maganin sauro a bangon ɗaki. Bangon ƙasa mashayi ne, idan aka fesa masa magani ruwa-ruwa sai ya tsotse, sauro ya sauka a kai ya tashi ba abin da ya same shi. Da aka ƙunsa maganin, sai 'yan ƙunshin suka riƙa tsayawa a fuskar bangon, suna sakin dafin kaɗan-kaɗan, suna kuma maƙalewa a ƙafar sauro. Maganin da ake kira Actellic 300CS, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi cikin 2013, irin wannan ne. Tsohon samfurinsa marar ƙunshi yakan yi aiki wata biyu zuwa uku, mai ƙunshin kuwa wata huɗu zuwa shida, watau feshi ɗaya ya isa ya ratsa damina. Amma fa 'yan ƙunshi suna kwantawa a gindin tankin feshi. Duba-garin da bai san haka ba, wanda bai damu da girgiza tankinsa a kai a kai ba, zai ba gidan farko magani mai yawa, ya ba na ƙarshe ruwa.

Na biyu garin sinadaran ƙarin jini da ake rabawa a 'yan fakiti don a barbaɗa wa yara a abinci. Wani likitan yara na birnin Toronto a Kanada, Stanley Zlotkin, shi ya fito da dabarar a ƙarshen shekarun 1990. Sinadarin ƙarfe shi ke ƙara jini, amma yana da ɗanɗanon tsatsa, yana kuma sauya launin abinci, don haka aka yi wa kowace ƙwayarsa ɓawon kitse. Ƙa'ida ita ce a zuba shi a abinci mai kauri wanda ya huce, yaro ya cinye cikin rabin sa'a. Idan uwa ta juye shi a koko mai tururi, kitsen ya narke, yaro ya ji ɗanɗanon ya kau da kai, ita kuma ta ce maganin ba shi da kyau, ta ajiye sauran a bayan randa. Ma'aikaciyar lafiyar da ta taɓa ganin ɓawon kitse yana narkewa da idonta za ta iya yi wa uwar nan bayani da jimla biyu. Wadda ta haddace ƙa'idar kawai, da an tambaye ta dalili sai ta yi shiru.

Na uku shi ne sukari da fulawa da man girki masu tambarin ido a jiki. Tun 2002 doka ta wajabta sa sinadarin bitamin A a cikinsu a Nijeriya. Wannan sinadari mai ne, kuma iska da haske suna kashe shi, saboda haka wanda ake sa wa sukari da fulawa a ƙunshe yake zuwa. Buhun da aka buɗe aka baje a rana a kasuwa, ana ɗiba da gwangwani mako da makonni, ba lalle ne ya kai wa mai saye abin da tambarin ya alkawarta ba.

Ban da waɗannan akwai abin da mu da kanmu za mu iya ƙunsawa. Darbejiya ta cika garuruwanmu, sinadarin da ke cikin 'ya'yanta yana korar ƙwarin gona, sai dai rana tana lalata shi cikin 'yan kwanaki. Jan launin zoɓo shi ma yana kodewa. Duka biyun ɓawo suke nema, ga kuma ƙaro.

Horon hannu

Wannan ilmi ba ya zama a kai ta hanyar allo da alli. Ɗalibi zai iya zana ɗan ƙunshi a takardar jarrabawa, da'ira a cikin da'ira, ya ci maki, alhali in aka ba shi kwano da mai da ƙaro ba zai fitar da ko ɗaya ba. Ga yadda nake ganin horon mako biyu zai kasance a ɗakin gwaji na makaranta irin ta Kankiya.

A fara da mafi sauƙi. Akwai wani gari da ake samu daga ciyawar teku, sunansa aljinet. A narka giram 2 a cikin ruwa mililita 100, a zuba masa ruwan zoɓo, a ɗura a sirinji, a riƙa ɗigawa cikin ruwan gishirin kalshiyam. Kowane ɗigo da ya faɗa sai ya zama ɗan dutsen ado ja nan take. Gaskiya waɗannan sun yi girma, sukan kai milimita biyu ko uku, ba su cancanci a ce musu mitsitsi ba, amma suna koyar da abubuwa da yawa a yini guda. Ɗalibi zai ga cewa siririyar allura ƙananan ƙunshi take bayarwa, cewa in ya ɗaga hannu da yawa sai su baje, in ya sauke da yawa su yi wutsiya. Sa'an nan ya tsame su ya zuba a farin ruwa, ya riƙa duba agogo yana rubuta yadda jan ke fita. Wannan shi ne darasin farko na yadda magani ke fita daga ƙunshi.

Daga nan sai aikin Green. Shi ne mai wuya, kuma shi ne ya kamata a daɗe a kai. Ana narka jelatin da ƙaro daban-daban a ruwa mai ɗumin digiri 40 zuwa 50, a kaɗa mai a cikin na jelatin har ya farfashe, a haɗa da na ƙaro, a ƙara ruwa, sa'an nan a shiga ɗiga tsami ana aunawa har ma'aunin tsami ya sauko wajen lamba 4. Duk macen da ke yin awara ta san wannan lokaci, lokacin da ruwan tsami ya isa, abu ya kama, ko da yake abin da ke faruwa a tukunyarta ba daidai yake da wannan ba. In tsamin ya gaza babu abin da zai faru, in ya zarce sai abin da ya haɗu ya sake watsewa. Bayan haka a sanyaya sannu a hankali da ƙanƙara, ana motsawa ba tsayawa. Mai gaggawa zai tarar da curi guda kamar tuwo a gindin kwano. Ina ganin wajibi ne kowane ɗalibi ya yi wannan gwaji sau uku aƙalla, yana sauya saurin kaɗawa, ya ɗora sakamakon a ƙarƙashin madubin likita ya ga da idonsa cewa saurin kaɗi ne ke yanke girman ɗan ƙunshi.

Hanya ta uku, wadda masana'antu suka fi bi, ita ce busarwa ta feshi, irin yadda ake yin madarar gari. Ana fesa ruwan cikin wata doguwar tukunya mai iska mai zafin digiri 150 zuwa 200, ɗigon ya bushe cikin daƙiƙoƙi kaɗan ya faɗo gari. Abin da ke ciki ba ya ƙonewa, domin ruwan da ke tashi yana sanyaya shi, kamar dai yadda randa ke sanyaya ruwa da zufar jikinta. Injin yana da tsada, don haka wannan darasi na ziyara ne, a kai ɗalibai Zariya ko Kano ko wata jami'a da ke da shi su yini.

Awon gari

A nan harshenmu ya riga ya share mana fage. Muna da tsaki, muna da ɓarzajjen hatsi, muna da gari mai laushi, muna cewa abu ya yi garas-garas ko ya niƙu lilis. Muna tankaɗe da rariya, muna bakace da faifai, muna rege shinkafa a ƙwarya don tsakuwa ta kwanta, muna barin ƙullu ya kwana gasara ta zauna. Kowane ɗayan waɗannan yana da takwara a ɗakin gwaji. Bambancin kawai shi ne a can ana sa lamba.

Me ya sa girman ƙwaya ya zama abin damuwa? Ku ɗauki dunƙule mai faɗin santimita ɗaya ta kowane gefe. Fuskokinsa shida, jimlar faɗinsu santimita murabba'i 6. In aka farfasa shi zuwa ƙwayoyi masu maikiron ɗaya, jimlar fuskokinsu za ta kai mita murabba'i 6, watau kusan daɓen ƙaramin ɗaki, alhali nauyin bai ƙaru ba. Ta fuska abu ke narkewa, ta fuska iska ke cin sa. Shi ya sa magani iri ɗaya, nauyi ɗaya, wani ya yi aiki cikin rabin sa'a wani ya wuce ta ciki bai narke ba.

Awo na farko na rariya ne. Ana jera rariyoyi bisa juna, mai manyan idanu a sama, a zuba giram 100, a girgiza minti goma zuwa goma sha biyar, a auna abin da ya tsaya a kowace. In aka tara aka ga an rasa fiye da giram ɗaya ko biyu, sai a sake. Amma tun kafin a kai ga rariya akwai inda ake yawan faɗuwa, watau wajen ɗiban samfur. Duk mai bakace ta san cewa da an girgiza gari manyan ƙwayoyi sama suke tasowa, ƙanana su nutse. Buhun da ya sha hanya daga Kano zuwa Kankiya a bayan mota ya riga ya bakace kansa. Wanda ya ɗiba daga bakin buhu kawai, ƙarya awonsa zai faɗa masa komai kyan ma'auninsa. Sai an juye, an gauraya, an tsiba, an raba tsibin huɗu, an ɗauki biyu masu kallon juna, an maimaita.

Ƙasa da maikiron 40 rariya ba ta da amfani sosai, sai madubin likita mai ma'auni a cikin idonsa. Aiki ne mai gajiyarwa, domin sai an auna ƙwaya ɗari uku zuwa ɗari biyar kafin a amince da lissafin, kuma ido yana son ya zaɓi kyawawa ya tsallake munana. Akwai kuma tarko a nan. Ƙwaya ɗaya mai maikiron 100 tana ɗauke da abin da ƙwaya dubu masu maikiron 10 ke ɗauke da shi. Don haka mai ƙirga zai ce garin ƙanana ne, mai auna nauyi ya ce rabinsa babba ne, kuma kowannensu ya yi gaskiya. Rahoton da ya ba da lamba ɗaya tak, bai faɗi ko ta ƙirga ce ko ta nauyi ba, bai faɗi tazarar da ke tsakanin ƙanana da manya ba, bai kamata ma'aikaci ya sa masa hannu ba.

Awo na uku na kwanciya ne, irin na gasara. Wani Bature masanin lissafi, George Stokes, ya nuna cikin 1851 cewa in girman ƙwaya ya ninka biyu, saurin nutsewarta yakan ninka huɗu. Ƙwayar rairayi mai maikiron 50 takan nutse santimita 10 cikin ƙasa da minti ɗaya, ta yumɓu mai maikiron 2 kuwa sai ta yi kusan sa'a takwas. Da wannan ƙa'ida masu binciken ƙasar noma, irin na Samaru, ke gane ko gona jigawa ce ko laka, kuma ba ta bukatar komai sai doguwar kwalba mai ma'auni da agogo.

Sauran na injuna ne. Akwai na Wallace Coulter, wanda aka yi wa rajista cikin 1953, mai ƙirga ƙwayoyi ɗaya-ɗaya yayin da suke wucewa ta wata 'yar kafa, kuma da dabararsa injunan ƙirga ƙwayoyin jini na asibiti ke aiki. Akwai na hasken leza, wanda ya shigo kasuwa a shekarun 1970, mai karanta girman ƙwaya daga yadda take watsa haske: ƙarama takan watsa shi da faɗi, babba a tsuke. Cikin minti ɗaya yake ba da amsa, sai dai yana ɗaukar kowace ƙwaya a matsayin mulmulalliya, ko da kuwa doguwa ce kamar allura. Wanda bai fara duba samfurinsa a madubi ba ba zai gane an ruɗe shi ba.

Ga masu riƙe da kasafi

Ku ne kuke rubuta takardar sayen kaya, saboda haka wannan naku ne. Akwai sha'awar a sayo babban inji, a yanka kirtani, a ɗauki hoto. Injin leza yana son wutar da ba ta rawa, da ɗaki mai sanyi wanda ƙurar hunturu ba ta shiga, da mai gyara wanda zai zo in an kira shi. In babu waɗannan, kyalle za a lulluɓa masa. Kuɗinsa kuwa sun isa su sayi rariyoyi jeri da yawa, da ma'aunin nauyi mai kyau, da madubin likita goma, da na'urar kaɗawa, da ma'aunin tsami, da batir mai cin hasken rana, har a yi saura don sayen jelatin da aljinet na shekaru. Wannan na ƙarshe shi aka fi mantawa da shi: ana ware kuɗin inji, ba a ware na abin da za a zuba masa. Shawarata ita ce makarantu irin na Kankiya su tsaya a kan kayan hannu, manyan injuna kuwa a tara su wuri guda, ko a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa ta Katsina ko a Jami'ar Tarayya ta Dutsin-ma, kowa ya kai samfurinsa can. Kada kuma a kira ɗalibai hamsin a kan kwano ɗaya a ce an yi horo. In sun wuce uku a kan teburi, biyu ne ke aiki, saura 'yan kallo ne.

Lokacin horon ma abin dubawa ne. Da damina garin ƙaro yana shan laima ya dunƙule, ya toshe idon rariya, awo ya ɓaci. Da tsakiyar hunturu kuma ƙura tana sauka a kan gilashin madubi, ɗalibi ya yi ta ƙirga ƙurar Sahara yana tsammanin 'yan ƙunshinsa ne. In da hali a sa shi bayan an gama kaka, kafin hazo ya yi ƙarfi, ko kuwa cikin watan Maris bayan ya ɗaga, a kuma rufe tagogi.